Ƙanin Maigida Ya Sa wa Katakon Yayansa Injin Wankin Mota

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ina rubuto miki daga unguwar Bobiel, nan Yamai. Shekara biyar ke nan maigidana ya sa kafinta ya yi masa dandamalin katako a tsakar gida, gindin mangwaro. Nan yake shan shayi da abokansa, nan yara ke bitar karatu da dare. Yanzu yana Lome wajen sayayya, bikin autarsu kuma saura mako uku, a gidanmu za a yi zaman mata. Katakon ya yi toka-toka, ga maiƙon suyar layyar bara, ga kashin tsuntsaye. Ƙaninsa yana da wurin wankin mota, sai ya ɗauko injinsa ya ce zai mayar da shi sabo. Kafin in fito daga madafa ya wanke kusurwa guda. Wurin ya yi fari, amma ya tashi gashi-gashi, ga wasu zane-zane masu zagaye da suka nutse cikin itacen. Na daka masa tsawa a gaban yaran aikinsa. Ya naɗe tiyonsa ya tafi, har yau bai sake leƙo mu ba, Hajiya kuma ta aiko cewa na ci fuskar ɗanta. Shin in bari ya ƙarasa don launin ya zo ɗaya, ko in shimfiɗa kafet in rufe har biki ya wuce? Maigida kuma in gaya masa, ko in bari sai ya dawo?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsayar da shi da kika yi daidai ne, da kin ƙara minti goma a madafa da yanzu zancen sayen sabon katako muke yi. Tsawar da wurin da aka yi ta su ne ba su yi ba, za mu zo kansu. Amma ki kwantar da hankalinki, abin da kika kwatanta yana gyaruwa, kuma mako uku sun isa in kin fara cikin kwanakin nan.

Zanen nan mai zagaye ya gaya mini bakin da ya ɗaura wa bindigar ruwan. Akwai wani baki mai juyawa, ruwan na fita siriri yana kewayawa da gudu, an yi shi ne don siminti da karo da busasshiyar lakar ƙarƙashin mota. A kan ƙarfe aikinsa na kyau. A kan itace sassaƙa yake yi. Ki duba lissafin: iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce 2 zuwa 2 da rabi ba, a ma'aunin da ake rubuta wa bar a jikin injunan nan. Ƙananan injunan wanki na gida irin na kamfanin Kärcher suna kaiwa 110 zuwa 180, manyan masu shan fetur na wuraren wankin mota suna kaiwa 200, wasu su wuce. Katako mai taushi kuwa abin da yake ɗauka lafiya bai fi wajen 40 ba, mai tauri a tsaya masa tsakanin 80 da 100. Ƙanin mijinki bai yi mugunta ba, hannunsa ne ya saba da ƙarfe, inda in datti ya ƙi fita sai a ƙara matso da bakin bindiga.

Abin da ya ruɗe shi, kuma yake ruɗar mutane da yawa, shi ne launin tokar. Kowa ya gani sai ya ce datti ne. Akwai datti, ƙurar hunturun Yamai ba ta bar kowa ba, amma mafi yawan launin aikin rana ne. Itace zare-zare ne a jere, da wani sinadari da ke ɗaure su wuri guda. Hasken rana yana cinye wannan sinadarin a fatar sama, sai zaren ya yi fari-fari ya saki. Wannan fatar siririya ce ƙwarai, a ƙarƙashinta itacen na nan da jininsa. Ruwa mai ƙarfi in ya daka sai ya yage fatar, ya tsinka zaren da ke ƙasa da ita, ya bar su a tsaye. Gashin da kika gani ke nan. Farin da ya burge shi kuwa itace ne ɗanye da aka feɗe. Saboda haka maganar a bari ya ƙarasa don launi ya zo ɗaya, a irin wankin da ya fara, ki cire ta. Garin neman gira za a rasa ido.

Kafet ma ba zai fisshe ki ba. Tsinken itacen da ya tashi yana nan a ƙasa, ranar biki yara za su yaye gefe su yi wasa, mata za su tuɓe takalma. In kafet ɗin mai roba a bayansa ne kuma aka shimfiɗa kafin itacen ya bushe sarai, danshi zai zauna ciki, ki buɗe bayan biki ki tarar da baƙin tabo.

Kafin a taɓa komai sai an san irin katakon da abin da aka shafa masa tun farko, wanda ya sani kuma yana Lome. Wannan kaɗai ya isa ya sa ki kira shi yau. Ki ɗauki hoton kusurwar da rana, ki tura masa ta WhatsApp, sannan ki kira. Kada ki fara da "ka ga abin da ƙaninka ya yi". Ki ce masa ƙaninsa ya so ya yi masa bazata, injin ya fi ƙarfin itacen, kin tsayar, kuma kin yi masa magana da zafi, kina son ki gyara duka biyun. Namiji in ya ji labarin gidansa daga bakin mahaifiyarsa kafin ya ji daga matarsa, ba katakon zai riƙe ba, shirun zai riƙe. Kuma ki tabbata Hajiya za ta gaya masa, in ma ba ta riga ta gaya ba. Daga nan ki tambaye shi lambar kafintan.

In ba a samu kafintan ba, ki gwada da kanki. Ki sa hannu ta gefe ko ta ƙasa inda rana ba ta ci ba, ki danna farcen babban yatsa. In ya nutse ya bar sawu, farin katako ne mai taushi, irin samba da ake yin silin da akwatuna da shi, kuma wannan kada inji ya sake kusantarsa ko kaɗan, buroshi da bokiti sun ishe shi. In farcen ya zame bai bar komai ba, mai tauri ne, irin loko, wanda masu sayarwa a kasuwar Katako ke ce wa iroko, ko tek, ko wani daga cikin jajayen itatuwan da ake kawowa daga ƙasashen bakin teku. Ni zatona mai taurin ne. Samba da ya shekara biyar a tsakar gida, damina ta doke shi, gara na kewaya, da wuya ya kai yau ana zama kansa.

Tunda na ambaci gara, ki ɗauki doguwar ƙusa ki bi dandamalin kina caka, musamman ƙafafun da suka taɓa ƙasa, da bakin katakai inda aka yanke, da kewayen tsofaffin ƙusoshi. Inda tsinin ya shige ba gardama, ko kika ƙwanƙwasa kika ji fanko, ko kika ga siririn ginin ƙasa ya hau jikin ƙafar, wannan katakon sauyawa za a yi, wanki ba zai yi masa komai ba. Mata talatin za su hau wurin nan lokaci guda, wasu da goyo. Wannan binciken ya fi mini launi muhimmanci. Ƙusar da ta ɗago kai a mayar da ita, katakon da ke rawa a ɗaure shi.

Yanzu wankin. Wanda zai fitar da dattin shi ne sabulu da buroshi, inji in an kawo shi ɗauraya kawai zai yi. A kwashe komai, a share, a bi tsakanin katakai da tsohuwar wuƙa a fitar da ganyen mangwaro da ƙasar da ta cushe, don ta nan ruwa ke zurarewa kuma iska ke shiga. A yi aikin da sassafe ko bayan la'asar. Katakon da ya sha ranar tsaka, in aka kwara masa ruwa ya bushe nan take, tsagewa yake yi, sabulun ma bushewa zai yi kafin ya yi aiki. A jiƙa da tiyon famfo, a dama omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke a ruwan ɗumi, a zuba wa katako uku ko huɗu, a bar shi minti goma zuwa sha biyar ana yayyafa ruwa kada ya bushe, sannan a goge da buroshi mai gashin roba, a bi tsawon katakon yadda zarensa ya kwanta. Wurin maiƙon layya a kankare abin da ya daskare tukuna, a maimaita sabulun sau biyu ko uku. In a manyan kantuna kika samu garin da aka rubuta wa percarbonate de soude, ya fi omo fitar da baƙin danshi, ba ya kuma cin itace. Ki bi ma'aunin da ke jikin kwalin.

Abu biyu na san hannunki zai kai kansu, don su ne a kusa. Na farko ruwan jabel, wanda ake faranta tufafi da shi. Yana faranta katako nan take, amma sinadarin nan da rana ta fara ci shi yake ƙarasawa, ya bar itacen fari fat ba rai, ya sa ƙusoshi tsatsa, ragowar kuma ta gangara gindin mangwaronku. Kada kuma a taɓa haɗa jabel da wani maganin wanki, musamman masu tsami na wanke bayi, hayaƙin da ke tashi guba ne. Na biyu soson ƙarfe na tukwane. Yana barin ƙananan ɓarɓashin ƙarfe cikin zaren, da sun ji ruwa sai su yi ɗigo-ɗigon baƙi da sabulu ba ya fitarwa. Baƙin da kike gani kewaye da kan ƙusa ma haka ya samu, ƙarfe ne ya haɗu da ruwan itacen.

In mai tauri ne kuma kuna son ɗauraya da inji, a cire bakin nan mai juyawa a ajiye shi cikin mota. Manyan injuna suna zuwa da bakuna masu launi: ja yana fitar da ruwa tsinin allura, rawaya ya ɗan buɗe, kore ya fi shi, fari ya fi su buɗewa, ruwansa na fita a baje. Farin za a sa, in babu, koren. Ja da rawaya ba su da aiki a nan. In injin yana da wurin rage ƙarfi a rage, in ba shi da shi, nisa ne zai rage: a fara daga wajen santimita 60, a riƙa matsowa a hankali, kada a taɓa wuce 30, wato kamu ɗaya da rabi na babban mutum. A gwada a katakon da ke can baya, a bar shi ya bushe a shafa da tafin hannu kafin a ci gaba, domin jiƙaƙƙen itace yana ɓoye ɓarnarsa. A danna kunamar bindigar tana kallon gefe, a shigo da ruwan kan katakon hannu na tafiya, a bi tsawonsa daga kai zuwa kai, a fitar da shi kafin a saki. Duk inda hannu ya tsaya, ko na ƙiftawar ido ne, layi zai fito. Tabon da ya ƙi fita kuma a koma masa da buroshi, kada a matso da baki.

Ki sa ido kan mutane fiye da kan katakon. Yaran wankin mota sun saba aiki da silifa, har su wanke ƙafarsu da bindigar, to kada a yi haka a gidanki. Ruwan nan yana huda fata. Raunin yakan zama ɗan ƙaramin ɗigo da ba a ɗauka komai ba, alhali ruwan ya shige da datti can cikin nama. Duk wanda ya same shi a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita cewa injin ruwa mai ƙarfi ne, kada a ɗaure da tsumma a ce zai warke. Rufaffen takalmi, dogon wando, tabarau don tsinken itace da tsakuwa da ke tashi. Yara a sa su ɗaki ko a kai su maƙwabta, don babu yaron da zai ga bindigar ruwa a ajiye bai ɗauka ba. In injin mai kuran ne, wato mai lantarki, wutarmu volt 220 ce, tsakar gida kuma za ta zama tafki. Wayar da aka yi wa ɗauri da leda ba ta shigo ba. Mahaɗin wayoyi a rataye shi sama a busasshen wuri, kwan lantarkin da ke rataye a mangwaro da duk soket na waje a kashe su daga ciki, mai jiƙaƙƙen hannu kada ya taɓa filogi. In mai fetur ne, a ajiye shi a fili, nesa da taga, ba cikin zaure ko gareji ba, hayaƙinsa na kashe mutum ba tare da ya ji wari mai tayar da hankali ba.

Ki kuma yi tunanin inda ruwan zai je. Ko ƙaramin inji yana zubar da wajen lita 400 a awa, kusan duro biyu. In ya kwanta ƙarƙashin dandamalin, kin yi wa gara da sauro shimfiɗa. A ja ɗan rami da fartanya ya bi da shi waje. In daga duro injin zai sha, a tace ruwan da ƙyalle, yashi na lalata famfonsa.

Bayan wanki a bar shi kwana biyu cur, ba tabarma, ba kujera. A busasshiyar iskar nan samansa zai bushe cikin awa guda, kada ya yaudare ki, cikin bai bushe ba. Sai samfefa. Kusurwar da ta lalace a fara ta da mai lamba 60 har zanen ya baje, a bi da mai lamba 80, sauran dandamalin a bi shi da 80 ɗin sama-sama. Nan ne launin zai haɗu, domin gogar za ta ɗauke fatar tokar a hankali ko'ina. Kada a wuce zuwa mai laushi sosai, itacen zai toshe ya ƙi shan mai. Mai gogar ya sa takunkumi, ƙurar loko da ta tek suna tayar da tari da ƙaiƙayi. In akwai katako ɗaya ko biyu da ramin ya yi zurfin da goga ba za ta kai ba, kafinta na iya ciro su ya juya bayansu sama. Tabon garwashin shayi ma gogar ce kaɗai ke fitar da shi.

Kafin a shafa mai, ki ɗiga ruwa kaɗan. In ya nutse cikin ɗan lokaci, itacen a shirye yake. In ya tsaya ƙwaya-ƙwaya, akwai sauran tsohon shafi, a ƙara goga. Ni ba na son fenti ko man ƙyalli mai yin ɓawo a kan katakon da ke waje a garin nan. Ranar Afrilu da ke haura digiri 40 za ta fasa shi, damina ta shiga ta ƙasa, ya riƙa ɓarewa faci-faci, a dawo gidan jiya. Man da ke nutsewa cikin itace ya fi, a shagunan kayan gini ki tambayi huile de teck ko huile de lin. A shafa siriri da yamma, bayan kamar rabin awa a goge duk abin da bai nutse ba da busasshen tsumma, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama ƙura, ya kama lesukan ƴan biki. Huile de lin yana da jinkirin bushewa, saboda haka shafin ƙarshe ya kasance aƙalla mako guda kafin taro. Tsummokaran da aka yi aikin da su kada a dunƙule su a jefa kwando: man yana ɗaukar zafi yayin da yake bushewa, tsumma a dunƙule na iya kama wuta da kanta. A jiƙa su a bokitin ruwa ko a shanya su a baje kan ƙasa. Wani zai zo ya ce a shafa baƙin man mota wai gara ba ta so. A kan wurin da yara ke zama ba wando, ana cin abinci, ki ce a'a.

Saura ƙanin mijinki. Ya ɗauko injin da yake cin abinci da shi, ya bar motocin mutane, ya zo yi wa yayansa hidima, aka yi masa tsawa gaban yaran da ke ce masa patoron, wato shugabansu. Wannan ne ya yi masa zafi, shi ne kuma ya yi wa Hajiya. Ki shirya ki je gidanta da kanki, ba aike ba, ba waya ba. Ki gaishe ta, ki ce kin zo ba da haƙuri kan yadda kika yi magana, tsoro ne ya kama ki don kin san yadda yayansa yake ji da wurin. Kada ki ɗauko zancen wa ke da gaskiya kan katakon, kada kuma ki ce kin yi kuskuren tsayar da shi, don ba ki yi ba, in kika faɗa gobe zai dawo da bakin nan mai juyawa. In yana nan ki ba shi haƙuri a gabanta, in ba ya nan ki sa maigida ya kira shi, yaya da ƙane sun san yadda suke kashe wutarsu.

Sannan ki roƙe shi ya dawo ya ja ragamar aikin, shi da kafintan. Ya fi kowa a gidan sanin injin, yana da yara masu ƙarfin goga, kuma in aka ɗauko wani daga waje ya gyara abin da ya ɓata, maganar za ta daɗe ana yi a dangi. Bayanin farin bakin inji da nisan kamu ɗaya da rabi ki bar kafinta ko yayansa su yi masa, daga bakinki a yanzu zai ji shi kamar ci gaban faɗa. Ke ki tanadi shayi da abinci, ki riƙe yara.

Ranar biki a shimfiɗa tabarmi a kai, kujerun ƙarfe na haya a jera su a ƙasa don ƙafafunsu na karce sabon shafi, a sa faifan kwano ƙarƙashin murhun shayi. Masu girki kuma tun yanzu ki nuna musu inda za su kafa tukwane, can wajen ƙofa, nesa da dandamalin.